Gayauna

Duk ranar da ƙungiyarmu ta yi taro aka ce a kawo rubutu don mujalla, amsa iri ɗaya nakan ji a bakin 'yan'uwana ɗalibai. Wani ya ce sai an gama jarrabawa, wani ya ce sai an tafi hutu, wani kuwa ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ina lokacin yake?" Ba na yi wa kowa dariya, domin ni ma na daɗe ina bin wannan baiti. Shi ya sa na ga ya kamata in ba masu karatu labarin yadda na sami hutun wata takwas ban cika shafi biyar ba, da yadda daga baya aka yanka mini ɗan abin da bai kai sa'a biyu ba a yini, shi ne kuma ya fisshe ni kunya.

Ni mutumin ƙasar Minjibir ne, arewa da birnin Kano. Wanda bai taɓa zuwa wajenmu ba, in an ce masa ƙauye sai ya zaci daji ne da sarari, mutum ya sami gindin itace ya zauna shi kaɗai sai kukan tsuntsaye. To, ba haka abin yake ba. A ƙasarmu gona tana jikin gona, gida yana hangen gida. Iyakar gonarka da ta maƙwabcinka ɗan layin gamba ne, in ka yi wasa da garma ka ci masa kunya ɗaya sai magana ta kai gaban mai unguwa. Kowace ɗorawa da kowace kuka da mai ita. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi bincike a ƙasar Ungogo maƙwabciyarmu, aka buga shi a 1965. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda mutane suka yi yawa haka, ƙasa ba ta samun hutu, ana noma ta kowace shekara, amma ba ta mutu ba, saboda takin da ake ɗorawa jakuna daga birni da rani, su kuma su koma da itacen wuta. Mu abin da ya rubuta ba labari ba ne gare mu. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin saura a garinmu ba, watau gonar da aka bari ta huta. A littafi na fara gamuwa da kalmar.

Yadda ƙasar take, haka mutanenta suke. Ba a barin mutum ya zama saura.

A da, tsarin noma a gidan Bahaushe gandu ne. Maigida da 'ya'yansa da ƙannensa su fita gona ɗaya tun da safe, su yi aiki har wajen azahar, abin da aka samu ya shiga rumbu ɗaya, daga ciki a ci, a biya haraji, a yi wa samari aure. Amma kowane saurayi akan yanka masa ɗan yanki nasa na kansa, shi ake kira gayauna. In an tashi daga gandu ya huta, da la'asar sai ya nufi gayaunarsa, haka kuma ranar da ba a fita gandu, galibi Jumma'a. Abin da ya noma a nan nasa ne, ya ga dama ya sa gyaɗa, ya ga dama ya sa rogo, ba mai tambayarsa. Mahaifina ya yi gayauna, da kuɗin gyaɗarta ya sayi kekensa na farko. Ni ban samu ba. Da kakanmu ya rasu aka raba gonakinsa tsakanin magada, abin da ya zo hannun Baba bai isa a ƙara yanka shi ba, ga mu mu biyar maza. Saboda haka na tashi na san kalmar, ban san daɗinta ba.

Ina shekarar farko a jami'a aka shiga yajin aikin malamai na 2022, wanda ya fara ran 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Kowa yana baƙin ciki, ni kuwa a ɓoye har da ɗan murna. Mun riga mun karanta tarihin Abubakar Imam a aji, an gaya mana yadda aka ɗauko shi daga Katsina a 1936 aka kai shi Zariya, ya zauna wata shida ba shi da aikin kome sai rubutu, ya fito da Magana Jari Ce littafi uku. Na ce a raina, to, ga tawa Zariyar ta zo. Kafin in hau mota na sayi littafin rubutu mai kauri da biro biyu, na rubuta sunana a bango da manyan baƙaƙe, har na ja layi a ƙarƙashi.

Rani ne, ba aikin gona sai kai taki. In lokaci ne, ga shi nan har ya yi yawa. Amma ina zan zauna? Shagonmu na samari mu biyar ne a ciki, ban da abokan ƙannena da ba su da wajen hira sai nan. In na fito zaure, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya mun gaisa, ya tambayi birni, ya tambayi yaushe za a koma. In na shiga cikin gida, da an ga takarda a hannuna sai in ji, "Yauwa, tun da ba ka kome, zo ka kai wannan inji." A gidanmu mutumin da yake zaune yana kallon takarda, ba Alƙur'ani ba, ba kuma jarrabawa gare shi gobe ba, to ba ya kome. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da ido ya gani ke nan. Ni ma kunya ta hana ni in ce waƙa nake rubutawa. Ɗan jami'a guda, an sayar da tunkiya an biya masa kuɗin makaranta, a ce waƙa yake yi?

Amma kada in ɗora wa mutanen gida laifin duka. Sau nawa na sami wuri shiru a gindin tsamiyar bayan gari, na buɗe littafin, na rubuta layi biyu, na ce bari in duba waya minti ɗaya? Sai in ɗago kai in ga inuwa ta juya. Kuɗin da na kai wa mai cajin waya a watannin nan da sun sayi littafi goma. Da azumi ya kama a watan Afrilu na ce ai ba a rubutu da ƙishirwa, sai bayan salla. Bayan salla aka shiga sharar gona. Ruwa ya sauka, aka ɗauki sungumi. Wata huɗu sun tafi, abin da ke cikin littafin shafi huɗu da rabi, rabinsu ma an soke.

Abin da ban lura da shi ba a tarihin Imam, sai daga baya, shi ne ba a ɗauko shi don an ga yana da hutu ba. An ɗauko shi don ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja a gasar 1933, yana malami a Midil ta Katsina, da aji a gabansa kullum, yana da shekara 22. Wata shidan nan an ba wanda hannunsa ya riga ya saba ne.

A nan ne zan kawo maganar Iya, kakata ta wajen uba. Tsohuwa ce mai kaɗi. A zamaninta matan ƙasarmu su ke kaɗa zaren da masaƙan Minjibir suke saƙawa, kuma ko da zaren kanti ya kashe kasuwar, ita ba ta ajiye mazarinta ba. Kullum da hantsi tana bakin ɗakinta, ga alli a gefe tana shafawa a yatsa, mazari yana juyawa a kan 'yar fata, bakinta kuma yana motsi. Tun ina yaro na ɗauka waƙoƙin da take yi na gado ne, irin waɗanda kowace mace ta sani. Sai da na yi darasin adabin baka na komo da kunnen ɗalibi, na ji ashe har da sunan akuyarmu a ciki, da zambon wata kishiyarta da ta rasu tun ban zo duniya ba, da shekarar da fari ya kore su suka ci ganye. Nata ne. Ita ta ƙaga su, a kan dutsen niƙa tun kafin inji ya zo garin, a bakin turmi, a wajen daɓe.

Wata rana ta gan ni da littafin ta ce, "Maigidana, me kake ta zane ne ba ka gamawa? Ko wasiƙar kishiya ce za ka yi mini?"

Na ce, "Wace kishiya, Iya, ke ma ban gama biyan sadakinki ba. Waƙa nake so in rubuta, lokaci ne babu."

Ta dube ni ta yi dariya har mazarin ya faɗi. Ta ce, "Lokaci? Ni da na haifi tara, na yi niƙan gidan mutum ashirin, wa ya ba ni lokaci? Ai waƙar ita ke ɗaukar mini dutsen."

Na yi dariya na wuce, na ɗauka maganar tsofaffi ce. Sai da aka shiga noman farko na gane. Mai karatu in ya taɓa riƙe fartanya ya san yadda abin yake: in ka kama kunya, bayan ɗan lokaci hannu yakan daina neman izininka, sara yana sauka daidai da numfashi, kai kuwa ya zama ba shi da aikin yi. A nan baitoci suka fara zuwa mini, ba sallama. Abin da na yi wata huɗu ina nema a gindin tsamiya ya same ni a tsakiyar gero, gumi yana shiga mini ido. Har karin ma saran fartanya ne ya ba ni shi. Da na koma makaranta na auna shi da abin da aka koya mana na aruli, na ga bai karye ba sai a wuri biyu. Wahalar ita ce kafin a tashi rabinsu sun gudu. Sai na koma in na kai ƙarshen kunya in ciro waya in faɗa mata ɗango biyu a hankali, kamar mai gulma, ƙannena suna cewa Yaya ya fara magana shi kaɗai. Na tuna Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, bai taɓa ganin farar takarda ta tsorata shi ba, a ka ya tsara Imfiraji wasu suka rubuta.

Sai dai abin da aka faɗa wa waya a gona ɗanye ne. Yana bukatar a zauna a juye shi a takarda, a daidaita amsa-amo, a zubar da ƙaiƙayi. Wannan kuwa ba ya yiwuwa a kan kunya, kuma da dare in na kwanta ko addu'ar barci ba na kaiwa ƙarshe. Aka janye yajin aiki muna tsakiyar kaka, na koma makaranta da murya wajen arba'in a waya da littafi kusan fari fat.

Kafin in tafi na yi wa Iya alkawari in an yi hutu zan zauna in ɗauki waƙoƙinta duka, har na ce da su zan yi kundin digirina. Guda uku kaɗai na ɗauka, su ma a tsaitsaye. Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Karatu ya yi zafi saboda ana son a cike gurbin watannin da aka rasa, hutun da aka ba mu gajere ne, na ce sai na gaba. Da sanyin 2023 aka yi mini waya da asuba. Ko jana'iza ban samu ba, na tarar an dawo. Na tambayi gwaggwannina ko akwai mai riƙe da waƙoƙin, kowace ta kawo baki ɗaya ko biyu, sauran sun bi ta. Mazarin yana wurina. Murya ukun nan kuwa na kwafe su wuri huɗu, don tsoro.

Bayan sadakar bakwai na ƙudura ba zan ƙara jiran hutu ba. Amma na san in na ci gaba da satar lokaci kamar ɓarawon kaza, ana aikena ina jin haushi a ɓoye, ba inda za ni. Dole a san abin da nake yi, a kuma yarda. Ni ɗan fari ne, tsakanina da Baba akwai kunya, ko sunana ba ya kamawa, ba kuma na iya zama in yi masa doguwar magana. Saboda haka na bi ta wajen Baffa, wansa, wanda yake masaƙi ne, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a garinmu. Na same shi a rumfarsa na durƙusa na gaya masa kome, har na karanta masa baiti uku, murya tana rawa. Bai ce sun yi daɗi ba, bai ce ba su yi ba. Ya ce, "Wannan abin, ana ci da shi?" Na ce, "Baffa, gaskiya ba a ci." Ya ce, "To, saƙa ma yanzu ba a ci da ita." Ya ci gaba da jefa ƙoshiyarsa.

Kwana biyu bayan haka, bayan sallar isha'i, ya kira ni zaure, ga Baba a zaune. Baffa ya ce, "Na gaya wa ubanka gayauna kake nema. Mu an yanka mana, ku ba ƙasar da za a yanka muku. To, ya ba ka daga la'asar zuwa magariba, duk ranar da kake gida. Rumfata kuma da damina ba na saƙa, da rani ma la'asar na tashi. Ka shiga." Baba bai dube ni ba, ya ce, "A gaya wa na cikin gida kada a aike shi a lokacin." Ya ƙara da cewa, "Amma gayauna ana ganin abin da ta ba da."

Rumfar ba wani abu ba ce, karan dawa ne da ginshiƙi huɗu a gindin darbejiya, kaji suna ratsawa. Amma tun muna yara an hore mu ba a damun wanda yake cikinta, kada a tsinka masa zare, kuma wannan horon ya bi rumfar, bai bi Baffa ba. Ran da na fara zama, ƙanwata ta zo da kwanon niƙa, ta tsaya daga nesa, ta juya. Wayata nakan bar ta a shago, sai ranar da zan juye murya. Wata rana in sami baiti biyar, wata rana in zauna ina kallon tururuwa har a kira salla. Ko a ranar tururuwar ba na tashi, domin in na tashi sau ɗaya na nuna wa gida lokacin na sayarwa ne.

Kada a ce abin kyauta ya zo. Yankan ciyawar tumaki da yamma aikina ne in ina gida, yanzu ya koma kan ƙanena mai bi mini, kuma bai ɓoye mini ra'ayinsa ba. Muka yi ciniki, ina koya masa lissafi da dare, in na samu kuma in sa masa kati. Har yanzu in na hange shi ya dawo da dami a ka, ni ina zaune a inuwa da biro, sai in ji wani iri. A makaranta ma na yanka wa kaina irinta, daga sallar asuba zuwa bakwai, kafin abokan hayata uku su tashi su kunna waƙa. Akwai ranar da na shiga gwaji ban gama bita ba saboda ita, sakamakon kuma ya nuna.

Wani malaminmu ya taɓa ba mu labarin wata marubuciya ta Ingila, Virginia Woolf, wadda ta yi littafi a 1929 tana cewa mace ba za ta iya rubutun kirki ba sai tana da ɗaki nata na kanta da fam 500 a shekara. Da na ji na ce lalle wannan ba ta zo Minjibir ba, Iya ba ta da ko ɗaya. Yanzu na rage yi mata dariya. Iya ta yi waƙa ba ɗaki, gaskiya ne, amma ga shi uku suka rage. Kuma ni da na nemi gayauna aka ba ni, don ni namiji ne, ɗan jami'a, ina da Baffa. Ƙanwar nan tawa mai kwanon niƙa, kwanan baya na gane ashe labari take rubutawa a tsohuwar wayar Inna, da dare bayan ta gama wanke-wanke, tana tura wa ƙawayenta a WhatsApp kashi-kashi, suna ta roƙonta ci gaba. Ta kai babi goma sha, ta fi ni masu karatu nesa ba kusa ba. Ba wanda ya ce kada a aike ta. Na yi niyyar in kai maganarta wajen Baffa, har yau ina juya yadda zan fara.

Da kakar bara, bayan an ɗaure dawa, na ga lokacin nuna amfanin gona ya yi. Waƙar ta kai baiti 63, ƙwar biyar, a kan Iya da kaɗinta da ƙasar da ta rayu a kai. Baba yana karanta ajami, ba ya karanta boko, saboda haka Baffa ya sa na karanta musu a zaure, su biyu da wani maƙwabcinmu da ya shigo aron igiya ya ƙi fita. Na karanta kaina a sunkuye. Da na zo wajen mazari na ji Baffa ya yi gyaran murya sau biyu. Na gama, aka yi shiru, har na ji motsin tumaki a turke.

Can Baba ya ce wa Baffa, ba ni ba, "A baitin shuka ya ce an zuba gero da wake rana ɗaya. Wa ya taɓa yin haka a nan? Sai gero ya tashi ake sa wake a tsakani. Mutane za su ji su ce bai taɓa riƙe sungumi ba."

Na ce, "Baba, amsa-amon ne ya matsa mini."

Ya ce, "To, ya gyara amsa-amon." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Baitin nan na 19 ne. Na sauya shi sau shida, wake yana ƙin zama inda ya kamata ba tare da ya karya mini kari ba. Shi ya sa da editan mujallar nan ya tare ni a bakin ɗakin karatu ya ce ina waƙar da na yi masa alkawari, na ce ya yi haƙuri ya karɓi wannan tukuna, ranar Jumma'a zan je gida.